Yadda Ake Zaunar da Sarƙar Injin Yankan Itace Ta Daina Zamewa da Tsinkewa

Ruwan farko a Kaduna da iska yake tafe. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, duk daren da hadari ya taso daga gabas, da safe sai an tarar da darbejiya ko malaina ko turare kwance kan katangar wani a Unguwar Rimi, Malali ko Barnawa, wayar masu inji kuwa ba ta hutawa. A irin wannan safiya ce, shekarun baya, yarona yana rage rassan wata darbejiya da ta danne garejin wani bawan Allah, sarƙa ta zame. Ya kashe inji ya mayar da ita, ya ƙara mata ɗauri. Ta sake zamewa. Ya sake ɗaurewa har ta koma kamar tsirkiyar baka. A karo na uku ba zamewa ta yi ba, tsinkewa ta yi, ta yi bulala ta baya ta tsarge masa wando da fata daga gwiwa zuwa ƙwauri.

Muna hanyar asibiti yake ce mini, "Oga, wallahi na ɗaure ta sosai." Na ce masa, "Na sani. Ɗaurin ne ya tsinka ta." Da na dawo na buɗe murfin injin, sai ga sifroket, wato mai haƙoran nan da ke jan sarƙa, ya cinye har ya yi rami, ƙugiyar da ke tare sarƙa kuma babu ita, ta karye tun watanni, na gani da idona na ce sai an samu sarari. Laifin nawa ne, ba na yaron ba. Shi abin da ya ga manya suna yi ya yi: in sarƙa ta zame, a ƙara murɗa ƙusar ɗauri.

Sarƙa ba ta barin mazauninta haka kawai. In ta zame sau ɗaya, mai yiwuwa sako-sako ce. In ta zame sau biyu a yini guda, akwai abin da ya lalace ko bai dace ba, kuma ƙarin ɗauri ba zai gyara shi ba.

Me ke riƙe da ita?

Babu noti ko ɗaya da ya kama sarƙa kai tsaye. Ƙafafunta ne ke riƙe da ita, 'yan harsunan ƙarfen nan masu kama da farcen kyanwa da ke ƙarƙashinta. Su ne ke gudu a cikin kwarmin dogon ƙarfen da sarƙa ke kewayawa, wanda zan riƙa kira faranti. Sai sifroket, ƙaramar ƙafar nan mai haƙora da ke jikin kuloci, wadda ke jan ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, kamar dai yadda take a babur. Sai kuma jan da ke tsakanin sifroket da hancin faranti, wato bakinsa na gaba. In inji na cikin wuta sosai, sarƙar tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya, sama da kilomita 70 a awa ke nan, gudun motar haya a hanyar Zariya. Duk wannan gudun, ƙafafun da suka nutse 'yan milimita kaɗan a kwarmi ne ke hana ta tashi sama.

Lambobi uku kafin ka biya kuɗi

Rabin matsalar daga kasuwa ake sayo ta. Mutum zai je ya ce, "Malam, ba ni sarƙar inci 20," a miƙo masa ya tafi. Tsawon faranti ba ya faɗa maka komai. Duba gindin farantin, wajen da noti ke kamawa, za ka ga an buga lambobi uku, in ba su goge ba.

Ta farko tazara ce. Auna daga tsakiyar ribit ɗaya, wato ƙusar da ta haɗa gaɓoɓin sarƙa, zuwa tsakiyar ta uku, ka raba biyu. Waɗanda muke gani a nan su ne .325 da 3/8 da .404 na inci. Ta biyu kaurin ƙafa, milimita 1.3 ko 1.5 ko 1.6. Ta uku yawan ƙafafu. Stihl 070, wanda masu tsaga katako a daji suka fi yarda da shi, .404 yake ɗauka mai kaurin 1.6. MS 381 da MS 382 suna ɗaukar 3/8 mai 1.6. Husqvarna 61 da 272 da 365 galibi 3/8 ne mai 1.5. 'Yan Cainan nan masu lamba 5200 da 5800 akasari .325 ne mai 1.5. Farantin inci 20 mai tazarar 3/8 ƙafa 72 yake ci, amma na 'yan Caina mai .325 ƙafa 76 yake so, alhali duka sunansu inci 20.

Da ido, .325 da 3/8 kusan ɗaya suke, har za ta hau sifroket ta yi kamar ta zauna. Kana ba ta wuta za ta fara hawa kan haƙora tana sauka. Haka in ka sa mai kaurin 1.5 a kwarmin 1.6, za ta shiga salin-alin, amma tana lilo hagu da dama, yankanta ya karkace, reshe kaɗan ya fizge ta waje. Mafi sauƙi, ka tafi kasuwa da tsohuwar sarƙar ko farantin a hannu. Ka ɗaura zare a ƙafa ɗaya ka ƙirga har ka dawo kanta, a gaban mai shagon. Mai sayarwa na gaskiya ba zai ji haushi ba.

Sifroket da faranti

Cire murfi ka kalli haƙoran sifroket a cikin haske. Inda sarƙa ke bi za ka ga ta yi sawu. In sawun ya kai zurfin rabin milimita, wato farcenka yana maƙalewa a ciki in ka goga, ya gama aiki. Kamfanin Stihl ya ce a canja sifroket bayan an cinye sarƙa biyu, kuma na gwada na ga haka ne. Sabuwar sarƙa a kan tsohon sifroket asarar kuɗi ce, cikin 'yan kwanaki zai tauna mata ƙafafu ta koma irinsa. Iri biyu ne: mai siffar tauraro wanda yake haɗe da kwanon kuloci, da mai siffar zobe wanda ake zarewa shi kaɗai. In injinka na karɓar zoben, shi na fi so, don ya fi arahar canjawa kuma yana ɗan motsawa ya daidaita kansa da kwarmin faranti. Tunda ka buɗe, ka shafa wa ɗan boris ɗin da ke tsakiyar kwanon giris.

Ga wata alama da ba ta ƙarya. Ka ja sarƙa da hannu a hankali ta kewaya. In ta yi tauri a wani wuri ta saki a wani, alhali ba ka taɓa ƙusar ɗauri ba, to sifroket ya ci gefe ɗaya, ko boris ya mutu. Irin wannan ba ta ɗauruwa daidai ko ka kwana kana murɗawa.

Shi kuma faranti, fara da yashe kwarminsa. Garin katako da mai suna haɗuwa su daskare a ciki kamar tuwon jiya, su ɗaga ƙafafun sarƙa sama. Ɓallin zarto ko siririn ƙarfe ya isa, ka ja daga hanci zuwa gindi. Sannan ka auna zurfin kwarmin a inda ya fi cinyewa, wato ƙasan faranti kusa da inji da kuma bayan hanci. Ga .325 da 3/8 kada ya gaza milimita 6, ga .404 kada ya gaza 7. In ya gaza, ƙafafu na taɓa ƙasan kwarmin, sarƙa ba ta zauna kan leɓɓan faranti, wato gefuna biyu na kwarmin, ba ke nan, a kan yatsunta take tsaye.

Leɓɓan ma suna buɗewa. Ɗora sarƙa, ka jingina rula a gefen faranti ta taɓa haƙori ɗaya na sama. In akwai 'yar rata tsakanin rular da jikin faranti, leɓɓa na riƙe da sarƙa a tsaye. In haƙorin ya kauce, rula ta kwanta lif a jikin faranti, kwarmi ya yi faɗi. Maƙeran Panteka sun iya matse leɓɓa su daidaita tsayinsu, kuma hakan na ƙara wa faranti kwana, sai dai ba ya dawo da zurfin da ya tafi. Kaifin da ke fitowa a gefen leɓɓa ka goge shi da shimfiɗaɗɗen magagari kafin ya fara ɓantarewa. Ka kuma ɗaga farantin ka kalle shi ta tsawo da ido ɗaya, yadda maharbi ke duba bakin bindiga. Wanda ya lanƙwashe ba ya riƙe sarƙa. Duk lokacin da ka cire sarƙa don wasawa, ka juya farantin, sama ya koma ƙasa, don ya ci daidai. Kada rubutun da ya kife ya dame ka.

Ɗora ta

Inji a kashe, a kan wuri mai tsabta, ba cikin yashi ba. Ka sa safar hannu, don sarƙar da ba ta motsi ma tana yanka.

1. In injinka na da birki, ja makarin hannun gaba zuwa wajenka ya saki kafin ka cire murfi. A injunan da birkinsu ke jikin murfi, irin Husqvarna da 'yan Caina, in ka cire shi birki na kame, mayar da shi sai an sha wuya.
2. Kwance notocin biyu, cire murfi da faranti, ka share duk dattin da ke bayansu, musamman ramin da mai ke fitowa a jikin inji da ɗan ramin da ke karɓarsa a faranti.
3. Murɗa ƙusar ɗauri baya, ɗan kunnenta ya matso kusa da sifroket.
4. Zura faranti kan ƙusoshinsa ka tura shi baya iyaka. Rataya sarƙa a sifroket tukuna, sannan ka bi da ita kwarmin sama, ka zagaya hanci. Haƙoran da ke sama kaifinsu ya kalli hanci. Kowa ya taɓa sa ta a juye, alamarta hayaƙi babu yanka.
5. Ja faranti gaba har ɗan kunnen ƙusar ɗauri ya faɗa raminsa. Ka tabbata ya faɗa. In bai shiga ba ka ɗaure noti a kansa, zai lanƙwashe ko ya karye, faranti kuma ya zauna a karkace.
6. Mayar da murfi, ka ɗaura notoci da yatsu kawai.

Yanzu aka zo wurin da ake yawan kuskure. Kama hancin faranti da hannun hagu ka ɗaga shi sama, ko ka ɗora shi kan guntun itace ka danna bayan injin. Dalili shi ne, tsagar da ƙusoshi ke bi a gindin faranti tana da 'yar rata. In ka ɗaure hanci na sunkuye, da zarar ka ɗora kan gungume itacen zai tura shi sama, sarƙar da ka bari daidai ta saki nan take. Yawancin masu cewa sarƙarsu ba ta riƙe ɗauri, wannan ne kaɗai ciwonsu.

Hanci na sama, ka murɗa ƙusar ɗauri dama a hankali kana kallon ƙasan faranti. Tumbin da sarƙa ta yi zai riƙa ɗagowa har jikinta ya taɓa leɓɓa. Nan za ka tsaya in farantinka mai daskararren hanci ne, wanda babu ƙaramin sifroket a bakinsa, irin wanda aka fi ɗora wa 070. Shi sarƙa gogar ƙarfe take yi a hancinsa, in ka matse ta zafi zai yi yawa. In kuwa mai sifroket a hanci ne, ƙara ɗan murɗi kaɗan, ta kwanta sosai. Ba tare da ka saki hancin ba, ɗaure notoci da sifanar injin, na baya tukuna sannan na gaba. Ƙarfin hannu ya isa. Kada ka sa bututu a sifana ka taka da ƙafa, ƙusoshin a jikin gidan inji suke, in suka tuge gyaran ba ƙarami ba ne.

Sai gwaji biyu. Kama sarƙa a tsakiyar faranti ka ja ta ka saki: ta ɗago kaɗan, bakin ƙafafunta bai fita daga kwarmi ba, ta koma da ƙara, tas. Sannan ka ja ta da hannu ɗaya ta bi faranti daga inji zuwa hanci, ta tafi sumul ba tare da ka yi nishi ba. In ta yi tumbi a ƙasa, ta yi sako-sako. In sai da hannu biyu take motsi, ta yi tsauri. A dogon faranti mai santimita 90 sarƙa za ta ɗago fiye da yadda take yi a gajere ko da ɗaurinta daidai ne, saboda haka a can ka fi dogara da kallon ƙasan faranti da kuma jan hannu. Ɗaure notoci kan ƙara mata tsauri kaɗan a wasu injuna, shi ya sa gwajin yake zuwa bayan ɗauri. In bai yi ba, sassauta notoci ka sake. Kada ka taɓa murɗa ƙusar ɗauri notoci na ɗaure, zarenta za ka cinye.

Zafi da sanyi

Wancan ɗaurin na sarƙa mai sanyi ne. Ka shiga tsaga maɗaci ko ƙirya da ranar Maris, cikin minti goma ƙarfe ya buɗe, za ka ga ta ɗan saki a ƙasa. Wannan ba laifi ba ne matuƙar ƙafafun na cikin kwarmi. Sai in ka hango ƙafafu sun fito fili sannan ka tsaya. Abin da ya fi shi ne ka bar ta ta huce, ka sha ruwa, ka ɗaure. In aiki bai bari ba ka ɗaure ta da zafinta, to ka bar mata 'yar rata, kuma wajibi ne ka sassauta ta da zarar ka tashi daga aiki. Ƙarfen da ya buɗe zai tsuke. In ta huce a ɗaure za ta ja sifroket da ƙarfin da zai iya lalata boris, har ya taɓa karanshaf. Na sha karɓar injin da mai shi ke cewa jiya lafiya lau ya ajiye, yau sarƙa ta ƙi motsi.

Sabuwar sarƙa kuwa sai an yi mata haƙuri. Jiƙa ta a mai ta kwana. Da ka ɗora, ka bar ta ta yi gudu minti 2 zuwa 3 a matsakaiciyar wuta ba tare da ta taɓa itace ba, ka kashe, ta huce, ka sake ɗauri. Yi yanka kaɗan a itace mai laushi, ka sake dubawa. A rabin awar farko za ka ɗaure ta sau uku ko huɗu, daga nan ta nutsu. Bayan haka, duk zuba fetur ka taɓa sarƙa, ya zama hannunka ya saba da kansa.

Abin da muke kira miƙewa

Sarƙa ba roba ba ce. In muka ce ta miƙe, ramukan ribit ne suka cinye, kowane ya ƙara faɗi da abin da bai kai kaurin gashi ba, amma in ka tara na gaɓoɓi sama da ɗari sai ya zama tsawo. Abu biyu ke cin su: ƙasa da rashin mai.

Ƙasa kam muna da ita. Ƙurar hunturu tana shiga ɓawon itace ta zauna. Gara tana gina jar ƙasa a jikin kututture har sama da tsayin mutum. Gungumen da aka ja a ƙasa ya kwashi yashi. Minti biyu da adda ko gatari, ka ɓare ɓawon inda za ka yanka, sun fi maka awa guda ta wasa. Kuma kada hanci ya taɓa ƙasa a ƙarshen yanka. Bar ɗan saura ka mirgina gungumen.

Mai kuma, kowace safiya ka kunna inji ka nuna hanci ga sabon kututture ko kwali, da tazarar kamar taƙi ɗaya, ka ba shi wuta. Ya kamata ka ga siririn layin mai ya fito. In babu, kada ka fara aiki, koma ga ramukan nan biyu da matatar da ke cikin tankin mai. Duk cika tankin fetur, ka cika na mai. In fetur ya ƙare tankin mai na nan cike, mai ba ya zuwa. Masu 070 suna da famfon hannu bayan mai aiki da kansa, a doguwar tsaga ka riƙa danna shi.

Na san abin da ake zubawa a daji, baƙin man da aka juye daga mota. Na san kuma dalili, tsada ce. Amma man nan ya riga ya mutu, cike yake da garin ƙarfe, ba ya manne wa sarƙa, yana cin famfo, masu ƙera injin ma sun yi gargaɗi cewa yawan taɓa fata da yake yi na iya jawo ciwon daji. In man sarƙa na ainihi mai danƙo ya gagara, ka sayi sabon man inji ko mai araha ne. Kuɗin da ka ɓoye a mai, a sarƙa da faranti za ka biya shi.

Kaifi ma ɗauri ne

Dakusasshiyar sarƙa ita ke sa mutum ya danna da ƙarfi, dannawa ta kawo zafi, zafi ya kawo saki. Kalli abin da inji ke tofarwa. In ɓarɓashi ne manya-manya, lafiya. In ya koma gari kamar na tuwo, tsaya ka wasa. Magagari mai kaurin milimita 5.5 na .404 ne, 5.2 ko 5.5 na 3/8 gwargwadon kamfanin sarƙar, 4.8 na .325. Kusurwar digiri 30 ga mai datsa, kusan 10 ga mai tsaga ta tsawo.

Irin haƙorin da muke amfani da shi yau, wani mai saran itace ne a jihar Oregon ta Amurka, Joseph Cox, ya fito da shi, ya kafa kamfaninsa a 1947, bayan ya lura da yadda tsutsar itace ke ci da muƙamuƙai biyu, dama da hagu. Haka haƙoran suke, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma dole su zama tsawo ɗaya. Kowa na da gefen da hannunsa ya fi ƙarfi. In gefe ɗaya ya fi cinyewa, yanka zai riƙa lanƙwasa kamar lauje, kai kuma ka riƙa murɗa inji don ka miƙar da shi, leɓe ɗaya ya cinye, sarƙa ta sami hanyar fita. Ƙirga shafar magagari, ka ba kowane haƙori daidai da ɗan'uwansa.

Akwai kuma ɗabi'ar da nake roƙon 'yan'uwa su bari: goge ɗan tudun da ke gaban haƙori har ƙasa wai don inji ya ci da sauri. Tudun nan shi ke auna lomar da haƙori zai ɗauka. Ratar da ake so milimita 0.65 ce a .325 da 3/8, 0.8 a .404. In ka zarce, haƙori na cafkar abin da ya fi bakinsa, inji na fizga yana tsalle, kowace fizga kuma a kan ribit take sauka. Sarƙoƙin da na ga sun tsinke da ƙuruciyarsu, mafi yawansu an yi musu wannan aski.

Hannun mai yanka

Ba babban gungume ne ya fi zamar da sarƙa ba, ƙananan rassa ne da tsiron gindi. Suna lanƙwasa su shiga tsakanin sarƙa da faranti su ɓalle ta kamar yadda ake ɓalle tayar keke. Wanda adda za ta iya, bar wa adda. Sauran ka same su a gindi, da cikakkiyar wuta tun kafin ka taɓa, faranti a miƙe, ba shara gefe-gefe kamar mai yankan ciyawa ba.

In itace ya matse faranti, kashe inji. Kada ka yi ta girgiza shi kana ja, a nan ne faranti ke lanƙwashewa, ƙafafu su karkace. A ɗaga gungumen da sanda, ko a buga weji na itace a bakin yankan. Itacen da iska ta kayar kan katanga a danne yake ta wani gefe, a miƙe ta wani, ka tsaya ka karanta shi kafin ka sa inji. Itatuwan cikin gari kuma cike suke da ƙusoshin allunan talla da wayar shanya da itace ya haɗiye. Ka duba da kyau daga ƙasa zuwa inda hannun mutum ke kaiwa.

Ƙugiyar nan

Kifa injin ka duba ƙarƙashin murfi, gaban sifroket kaɗan. Akwai ɗan ƙarfe mai laushi ko roba mai tauri da ya fito kamar ƙugiya. Aikinsa ɗaya ne, in sarƙa ta zame ko ta tsinke ya cafke ta ya rage mata tsawo, kada ta kai ga ƙafarka ko hannunka na dama. An yi shi da laushi da gangan don shi ya ci duka, saboda haka duk wanda ya tare sarƙa sau ɗaya ko biyu ya tauye, a canja shi. Ƙusa ɗaya ke riƙe da shi a yawancin injuna. Faffaɗan gindin mariƙin baya shi ne kariya ta biyu, in ya fashe kada a ɗaure da waya a ci gaba. Birki ba ya maganin wannan, aikinsa daban ne, tsofaffin 070 ma ba su da shi. Yaron da ke buga maka weji kada ya tsaya saitin hanci, ya koma gefe. Tun ranar darbejiyar nan, injin da babu ƙugiya ba ya fita daga shagona, ko nawa ne ko na mai kawo gyara.

Manyan motocin sare daji na Suwidin da Finlan da Kanada su ma da wannan matsalar suke fama, sai dai tasu ta fi muni. Sarƙarsu tana kai mita 40 a daƙiƙa, kuma ko da yake na'urar haidurolik ce ke riƙe ɗaurinta, in ta tsinke bakinta na yin bulala ya harba gutsuren ƙarfe kamar harsashi. Shi ya sa ake sa musu ƙugiya da garkuwa a bayan sifroket, ake kuma hana mutane matsowa ƙasa da mita 70.

Bayan ta zame

Kada ka mayar da ita kai tsaye. Sifroket ya riga ya tauna wasu ƙafafu, za ka ji su da yatsa, sun yi ƙaya a gefe. Shafe ƙayar da shimfiɗaɗɗen magagari har kowace ƙafa ta bi kwarmi ba tare da tirjiya ba. Lanƙwasa gaɓoɓin ɗaya-ɗaya ka ji ko akwai wadda ta ƙage. Duba kewayen kowace ribit. In ka ga tsaga ko da kamar silin gashi ce, ko ribit ɗin da kanta ya saki, sarƙar ta tashi daga aiki. Sannan ka tambayi kanka me ya fitar da ita, ka koma kan sifroket da leɓɓa da ɗan kunnen ƙusar ɗauri.

In ƙusar ɗauri ta kai ƙarshe sarƙa na nan da tumbi, na san abin da ake yi, a cire gaɓa ɗaya. In sabuwa ce da aka yanko daga nadi aka yi kuskuren ƙirga, babu laifi, a rage ta da sabuwar mahaɗa da sababbin ribit masu lambarta, wurin wanda ke da abin murza kan ribit. Amma tsohuwar da ta miƙe, rage ta ba ya mayar da tazararta, za ta ci gaba da hawa kan haƙoran sifroket, ga ribit ɗinta duk sun sirance. Haɗa sarƙa da ƙusar kafinta ko tsohuwar ribit da aka daddake da guduma kuwa, wannan ajiye wa kai rauni ne.

Da yamma in an tashi, sassauta sarƙa, cire ta, ka yashe kwarmi ka juya faranti. Ka riƙe sarƙa biyu kana musanya su a kan sifroket ɗaya, su tsufa tare, ka canja su tare. Wadda ba ta kan inji ta kwana a gwangwanin mai da murfi, inda ƙura ba ta kaiwa. In za ka ɗaure inji a bayan babur zuwa Kujama ko Buruku, sa wa faranti kubensa, in babu ka naɗe shi da tsohon buhu, igiya kuma ta kama jikin injin, kada ta bi ta kan faranti, kada kuma a ɗora masa jarkar fetur.